"Ai an san halinsa" ba shaida ba ce

Ƴan uwa matasa, akwai maganar da muke ji kullum in an kama wani a kasuwa ko a tasha: "Ai an san halinsa." Da an faɗe ta shi ke nan, shari'a ta ƙare tun ba a kai komisariya ba. To amma wannan tambaya ce da manyan kotuna suka daɗe suna fama da ita: shin laifin da mutum ya taɓa yi, ko wanda aka taɓa zarginsa da shi, yana iya zama shaida a kan sabuwar tuhuma?

Mu duba Amurka. A 2020 wata kotu a New York ta kama Harvey Weinstein, attajirin nan na masana'antar fina-finai, da laifin fyaɗe da cin zarafin mata, ta ɗaure shi shekara 23. Ranar 25 ga Afrilu 2024 babbar kotun jihar ta soke hukuncin, alƙalai 4 na goyon baya, 3 na adawa. Ba cewa ta yi bai aikata ba. Cewa ta yi alƙalin farko ya yi kuskure da ya bar wasu mata 3 suka ba da labarin abin da suka ce ya yi musu, alhali ba ya cikin abin da ake tuhumarsa da shi. Sai da aka sake shari'ar a 2025, aka kama shi da laifi ɗaya, aka wanke shi a wani.

Ƙa'idar ta samo asali daga shari'ar Roland Molineux a 1901. An tuhume shi da kashe wata mata da guba, sai masu ƙara suka shigo da batun mutuwar wani mutum dabam da ba a tuhume shi da ita ba. Kotu ta ce a'a. Ana iya kawo abin da ya wuce ne kawai in zai nuna takamaiman abu: dalilin aikatawa, ko niyya, ko cewa ba kuskure ba ne, ko shiri ɗaya da aka ƙulla, ko salon da ke tona ko wane ne ya yi. Amma a ce "ya saba, don haka shi ne", wannan ba ta karɓuwa.

Masu adawa da ƙa'idar su ma da hujjarsu, kuma mai nauyi ce. Fyaɗe a ɓoye ake yinsa, galibi maganar mace ɗaya ce da ta namiji ɗaya. In mata biyar da ba su san juna ba suka zo da labari iri ɗaya, toshe bakinsu zalunci ne. Shi ya sa a 1994 majalisar Amurka ta buɗe wannan ƙofa a kotunan tarayya kan laifukan lalata, Ingila kuma ta sassauta tata doka a 2003.

Mu fa a Nijar? Tsarin da muka gada daga Faransa bai gina wannan katanga ba. Alƙali yana da kaziyen wanda ake tuhuma a cikin dosiye, yana tambayarsa tarihin rayuwarsa, sannan ya yanke hukunci bisa gamsuwar zuciyarsa. Za a ce ai alƙali ƙwararre ne, ya san bambanci. Gaskiya ne, amma shi ma mutum ne, kuma dosiye sun yi masa yawa. Wa zai fi shan wahala? Yaron da ya taɓa kwana gidan kaso saboda salula, ko matashin Damagaram da aka liƙa wa sunan ɗan palais. Mai kuɗi yana da lauyan da zai tashi ya ce wannan ba ya cikin tuhuma. Talaka sai dai ya sunkuyar da kai.

Ga matsayinmu. A raba tambayoyi biyu. Ta farko: shi ya aikata? Wannan sai da shaidar abin da ya faru ranar, kuma mai ƙara ne zai kawo ta, kamar yadda addininmu ma ya koyar. Ta biyu: wane hukunci ya dace da shi? A nan ne kaziye ke da amfani, tun da doka ta riga ta tsananta wa mai maimaita laifi. In kuwa za a saurari waɗanda suka ce shi ma ya taɓa cutarsu, musamman mata da yara, a saurare su cikin mutunci, amma alƙali ya rubuta a hukuncinsa abin da shaidarsu ta tabbatar, a kuma ba wanda ake tuhuma damar kare kansa. Muna kira ga ma'aikatar shari'a da ƙungiyar lauyoyi su sa wannan a rubuce.

Sauran aikin namu ne. Kafin ka tura hoton wani a WhatsApp da "tsohon ɓarawo ne", tambayi kanka: wa ya gan shi? Hausawa sun ce hali zanen dutse, amma ko da zanen gaskiya ne, bai faɗa maka wanda ya fasa shagon daren jiya ba. Duk ranar da aka ɗaure wani don sunansa, mai laifin na ainihi yana nan cikin unguwa yana yawo.

Allah ya tsare mu da zalunci, da yinsa da ganinsa mu yi shiru.