Ƙugiyar Da Na'ura Ke Haɗiyewa

Malamin makaranta a unguwar Ajiya, cikin Jimeta, zai iya shigar da sunayen ɗalibansa a wata manhaja, ya nemi ta jera masa su bisa tsarin abacada, sai ya ga abin mamaki. Ɗahiru, wanda ya kamata ya biyo bayan Dauda, ya koma can ƙurya bayan Zubairu. Wani lokaci ma harafin Ɗ ɓacewa yake yi, alamar tambaya ta maye gurbinsa. Daga nan sai a hau akawu da faɗa, alhali kuwa laifin ba nasa ba ne.

Asalin maganar shi ne, kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. A shekarar 1963 aka fito da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ke da gurbi 128, aka ba A lamba 65, Z kuma lamba 90. Kowane harafi yana shiga cikin bayit ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin ajiya na na'ura. Saboda haka tsofaffin harsunan shirya manhaja, irin su C na 1972, suka ɗauki harafi da bayit tamkar abu guda. Ba a yi wa ɓ da ɗ da ƙ tanadi ba ko kaɗan.

A 1991 tsarin Unicode ya fito da nufin ba kowane harafi na duniya lambarsa. Ɗ ya sami lamba 394, shi ya sa manhajar da ke jera suna da lamba zalla take jefa Ɗahiru bayan Zubairu. A 1992 kuma aka ƙirƙiro UTF-8, hanyar ajiyar da ta fi yaɗuwa a intanet yau, inda ƙ ke cin bayit biyu. Ke nan kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce ga mai karatu, amma bayit biyar ce ga na'ura. In aka tambayi harshen Go tsawonta, biyar zai ce. Harshen Python, tun gyaran da aka yi masa a 2008, huɗu zai ce. In kuwa manhaja ta yanke kalmar a tsakiyar ƙ, sai tarkace ya fito.

Lamarin ya fi tsanani a Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, domin ba Hausa kaɗai ake rubutawa ba. Fulatancin boko yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, bisa abin da aka daidaita a taron Bamako na 1966. Akwai kuma Adlam, rubutun Fulatanci da Ibrahima Barry da ɗan'uwansa Abdoulaye suka ƙago a ƙasar Gini, wanda ya shiga Unicode a 2016. Lambobinsa sun yi nisa, har Java da JavaScript suna ƙirga kowane harafinsa a matsayin biyu. Ajami ma da nasa: baƙi guda da wasalinsa, Python biyu yake ƙirgawa. Harshen Swift na 2014 ne ya zaɓi ya ƙirga su ɗaya, kamar yadda idon almajiri ke ganinsu a allo. To, amma ko shi bai san cewa "sh" da "ts" kowannensu baƙi ɗaya ne a Hausa ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar masana ce kurum, domin tana taɓa aljihun talaka. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga, sai ya koma 70, a caji mutum kuɗin saƙo biyu ko uku. Haka jama'a suka saba da zubar da ƙugiya, har baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. Sunan da aka rubuta iri biyu a takardun makaranta da na banki kuwa, mai shi ne zai sha zirga-zirga.

Abin da ya dace shi ne harshen shirya manhaja ya bambanta abubuwa uku a fili: bayit da ake ajiyewa, lambar da aka ba harafi, da harafin da mutum ke gani. Wajen jera suna kuma, a bi ƙa'idar harshen masu sunan, ba girman lamba ba.

Wannan aiki yana kan wuyan malamai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, dukansu a Yola. Kada ɗalibi ya ce ya gama manhaja sai ya gwada ta da Ɗahiru, da 'ya'ya, da layi guda na ajami. Ba wanda zai taso daga ƙetare ya yi musu wannan, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya sa a gyara.