Buhun 'yan kyanwa a Gadar Anacha

'Yan uwana mazauna kudu, na Fatakwal da Anacha da Inugu da kewaye. Maganar da na kawo yau wasu za su yi mata dariya, su ce yaron nan ya rasa abin faɗa. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Mahaifina yana da sito a Anacha inda muke ajiye wake da busasshen kifi. Duk wanda ya taɓa ajiye kaya a garin nan ya san ɓerayensa, manya ne, ba su tsoron mutum. Shi ya sa muka samo mage. Ta yi mana aiki ƙwarai, amma cikin shekara ɗaya ta haihu sau uku. Na farko mun raba wa maƙwabta. Na biyu da ƙyar muka samu masu karɓa. Na uku kuwa Baba ya ce, "Kai, zuba su a buhu ka kai su can wajen gada ka sake su, Allah zai ciyar da su." Na ce, "To, Baba." Na kai su. Guda huɗu ne, ko ido ba su gama buɗewa ba. Da na bi ta wurin bayan kwana biyu, abin da na gani ba zan rubuta shi ba. Uwar kuma ta yi kusan mako tana zagaya sito tana kuka, nono ya cika mata.

Ban ga laifin Baba ba, haka ya tarar ana yi. Kuma na tabbata a cikinku akwai da yawa da aka taɓa aika da irin wannan buhu, ko zuwa bakin kasuwa, ko bayan masallaci. Muna faɗa wa kanmu cewa ba mu kashe ba, saki muka yi.

Ga lissafin da ban sani ba a lokacin. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, wajen kwana 63 zuwa 65. Tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida, wani lokaci ma kafin nan, kuma tana iya sake ɗauka tun ba ta gama yaye ba. Idan ta haifi huɗu sau uku, sha biyu ke nan a shekara, kuma matan cikinsu za su fara tasu haihuwar kafin shekarar ta zagayo. Karya ita ma cikinta wajen wata biyu ne, galibi sau biyu take neman barbara a shekara, kuma ta fi mage zuba 'ya'ya. Babu unguwar da ke da gidajen da za su ɗauke wannan yawa.

Maganin abu ne da likitocin dabbobi suke yi kullum. Namiji a yi masa fiɗiya, mace a cire mata mahaifa, duk a cikin allurar barci. Namiji yakan warware da wuri, mace kuma a kula da ɗinkinta kamar kwana goma zuwa mako biyu. Muzurun da aka yi wa fiɗiya yana rage yawon dare da faɗa da fesa fitsarin nan mai wari a jikin buhuna. Masu cewa zai daina kama ɓera su kwantar da hankalinsu, farauta halin kyanwa ne, ba ta da alaƙa da barbara.

Na san inda gardamar take. Da na tayar da zancen a majalisarmu bayan Isha'i, wani dattijo ya ce, "Yaro, wannan canza halittar Allah ne." Ban ja da shi ba, don ni ba malami ba ne, sakandare na tsaya. Amma na tambaye shi da ladabi, "Baba, tauren da kuke sayarwa fa?" Sai aka yi dariya. Mu ne muke dandaƙe bunsuru ya zama taure don ya yi ƙiba, mu ne muke fiɗiye sa don ya yi noma. Je ka kasuwar shanu ta Ugwuoba ko ta Amansea ka gani da idonka. An kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan dabbar da ba a ci, wasu sun hana, wasu sun halatta idan akwai cutar da za a kawar kuma ba a azabtar da dabbar ba. Kowa ya tambayi malaminsa. Amma in ka je tambayar, ka haɗa da ta buhun. Dukanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Jaririn kyanwa da aka raba da nono aka ajiye a kan bola, me ya bambanta shi da wanda aka tsare?

Batun kare ya fi wannan nauyi, don akwai ran mutum a ciki. Da yawanmu ba ma ajiye kare a gida, amma muna ajiye shi a garejin mota da turken shanu da wurin sauke kaya, don gadi. Ba a ɗaure shi, ba a yi masa allura, 'ya'yansa kuma su watsu cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare ko yagunsa, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Fiɗiya ba ta maye gurbin allurar rigakafi, kada wani ya fahimce ni a baibai. Amma masana sun ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura kafin ciwon ya yanke. Idan kowane wata shida sababbin kwiyakwiyi marasa allura suna cika unguwa, yaushe za a kai wannan adadi?

Sannan ku tuna inda muke. Mu baƙi ne a garuruwan nan, ko da an haife mu a nan. Idan karen garejinmu ya ciji ɗan mai masaukinmu a Diobu ko a Ogui, ba za a ce karen wane ba ne, za a ce karen Hausawa ne. Duk wanda ya daɗe a kudu ya san yadda ƙaramin abu ke zama babba kafin Sarkin Hausawa ya iso wurin.

Abu biyu nake roƙo a guje musu. Kada a kira mai dandaƙar awaki ya yi wa kare ko muzuru da wuƙa ko roba, azaba ce kuma yakan kashe su. Kada kuma a sayo allurar tsarin iyali ta mata a kemis a yi wa karya, kamar yadda na ga wasu suna yi. Irin wannan allura tana iya sa mahaifarta ta cika da mugunya. Jihohin Ribas da Anambra da Inugu duk suna da sashen kula da lafiyar dabbobi, Jami'ar Nsukka tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya shafa gashin karen.

Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne ga mutum ɗaya, musamman na mace, ban ɓoye wannan ba. Amma ƙungiyoyinmu na kasuwa suna tara kuɗin mai gadi da na shara duk wata. Za su iya kiran likita ɗaya rana ɗaya, a tara dabbobin layi, a nemi ragi. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ana iya ɗora abin a kanta.

Tamu magen dai na kai ta da kuɗin da na tara na dako. Baba ya yi kwana uku yana yi mini tsiya, wai na kai kyanwa tiyata alhali shi haƙorinsa na ciwo. Tana nan a sito, jiya ma ta ajiye mana ɓera a bakin sikeli.