Yadda Aka Rabu Da Kurkunu

Yau zancen kurkunu zan yi muku, cutar nan da a dā takan kwantar da manomi da damina har ciyawa ta cinye gonarsa.

A 1988 an ƙidaya masu kurkunu a Nijeriya, suka haura 650,000. Ga shi kuwa ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. To, yaya aka yi? Sai aka zaɓi mutum a kowane ƙauyen da cutar take, aka koya masa aiki: ya raba ƙyallen tace ruwa, ya wanke miki, ya hana mai kurkunu shiga tafki, gama a nan tsutsar take zuba 'ya'yanta, kowane wata kuma ya aika da lissafi. Bayan 2008 ba a ƙara samun ko mutum guda ba, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida haka.

Ni a ganina, gina asibiti abu ne mai kyau, amma gini ba ya duba majiyyaci. Ina roƙon shugabanninmu su sa a koyar da samari da ungozomomin ƙauye, a biya su hakkinsu a kan kari, a riƙa zagayawa ana duba aikinsu. Mai naƙuda ba ta iya jiran likitan birni.

Allah ya ba mu lafiya, amin.