Bar Yaro Ya Rubuta Abin Da Ke Bakinsa

A watan Maris na 2025, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Damagaram ta daɗe a wannan hanya, domin a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a 1973. Dalili kuwa, yaro ya fi saurin rubuta abin da yake iya faɗa.

Iyaye masu koyar da ƴaƴansu a gida, ku lura: kwafa daga allo aikin hannu ne kawai. Ku sa yaro ya rubuta cefanen kasuwar Dole, ko wasiƙa zuwa ga kakarsa. Kada ku riƙe masa hannu. Idan ya karanta muku, ku gyara kuskure ɗaya tak, domin yawan gyara kan sa yaro ya ajiye alƙalami.