Madubin Zuƙowa na Kyamarar Fim: Riƙon Amana Ya Fi Hangen Nesa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon sayar da kayan ɗaukar hoto zai lura da cewa tambayar farko da mai saye kan yi game da madubin zuƙowa ita ce: “Ninki nawa yake zuƙowa?” Idan aka ce masa ninki 3 sai ya yamutsa fuska, idan kuwa aka ce ninki 20 sai ya fara laluben aljihu. Tambayar ba laifi ba ce, sai dai a ƙarshe ya kamata ta zo. Madubin da ya cancanci a ɗaura wa kyamarar fim ta dijital shi ne wanda idan aka murɗa shi daga faffaɗan hoto zuwa na kusa, girman abin da ake ɗauka kaɗai zai sauya, amma saiti da haske da launi su tsaya daram inda aka ajiye su. Wannan riƙon amana shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna madubi da shi, kuma wanda ya yi sakaci da shi zai gane kuskurensa ne a ɗakin tace fim, bayan 'yan wasa sun watse, kuɗi kuma sun ƙare.

Al'adar ƙidayar ninki tana da tarihinta. A 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kyamarorin bidiyo ne abin aiki. Da yawansu madubinsu a manne yake da jikinsu, farantin da ke karɓar haske a cikinsu kuwa ƙarami ne ƙwarai, a wasu ma faɗinsa bai kai milimita 5 ba. Ƙaramin faranti yakan rufa wa madubi asiri, domin kusan komai na cikin hoto yakan fito garau ko da saiti ya ɗan goce. Amma daga 2007, da fitowar kyamarar RED One, sannan Alexa ta kamfanin ARRI a 2010, sai harkar ta koma kan farantin Super 35 mai faɗin kusan milimita 25. Bayan haka Sony Venice a 2017 da Alexa LF a 2018 suka kai shi wajen milimita 36. Gwargwadon girman faranti, gwargwadon ƙuntatar wurin da ke fitowa sarai a hoto, har ta kan kai idan idon ɗan wasa ya fito garau, kunnensa ya yi dishi-dishi. Bugu da ƙari, a hoton 4K akan jera ɗigo 4096 a faɗin farantin Super 35, watau kowane ɗigo kusan mikron 6 ne, alhali kaurin gashin mutum yakan kai mikron 70. Aibin da tsohon kaset ke ɓoyewa, yau a fili yake.

Kafin a auna madubi, ya kamata a san abin da ke cikinsa. Madubin zuƙowa tarin gilasai ne, sau da yawa fiye da 15, waɗanda aka kasa rukuni-rukuni. Rukunin gaba shi ke daidaita saiti. Na biyu yana zamewa gaba da baya domin ƙara girman hoto ko rage shi. Wannan zamewa kuwa takan ture hoton daga kan faranti, saboda haka aka sa rukuni na uku yana motsi da nasa lissafin domin ya mai da hoton mazauninsa, na ƙarshe kuma ya miƙa hasken ga faranti. Kwararon da aka sassaƙa a jikin bututun ƙarfe shi ke jagorantar waɗannan motsi biyu. Injiniyan Faransa Pierre Angénieux ya yi suna wajen kyautata wannan dabara, kuma madubinsa mai zuƙowa ninki 10 ya jawo masa lambar yabo daga masu ba da kyautar Oscar a 1964.

Daga nan siffa ta farko ta fito, watau riƙe saiti. Mai ɗaukar fim yakan zuƙo idon ɗan wasa, ya daidaita saiti, sannan ya ja baya zuwa faffaɗan hoto, yana da yaƙinin cewa fuskar za ta ci gaba da fitowa garau. Yawancin madubban da aka ƙera domin ɗaukar hoton tsaye ba su da wannan hali, domin mai hoton tsaye yakan sake saiti kafin kowane ɗauka, don haka masu ƙira ba su wahalar da kansu a kai. A fim kuwa motsin kansa shi ne saƙon. Wanda ya kalli Barry Lyndon na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1975, zai tuna yadda hoto ke farawa daga abu guda sannan ya riƙa buɗewa a hankali har fili gaba ɗaya ya bayyana. Da saiti zai goce na daƙiƙa guda a tsakiyar wannan tafiya, da aikin ya lalace. Haka nan juyin nan da Hitchcock ya shahara da shi a fim ɗin Vertigo na 1958, inda ake tura kyamara ta wata fuska ana zuƙowa ta ɗaya fuskar, yana bukatar madubin da motsinsa ba ya gargada.

Siffa ta biyu ita ce riƙe haske. A jikin madubin hoton tsaye akan rubuta lambar f, wadda lissafi ce kawai tsakanin tsawon zangon madubi da faɗin kafar haske. Ba ta la'akari da hasken da ke salwanta a hanya. Duk fuskar gilashin da ba a yi wa shafe ba takan mai da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Alal misali, idan madubi yana da gilasai 20, watau fuskoki 40, abin da zai isa faranti bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Idan aka yi wa gilasan shafe na zamani har asarar kowace fuska ta koma rabin kashi ɗaya, fiye da kashi 80 ne zai tsallake. Wannan ne ya sa masu fim ke dogara da lambar T, wadda ke nuna hasken da ya isa da gaske. Abin nema shi ne lambar T ɗaya daga farkon zango zuwa ƙarshensa. Madubin da ya fara da 2.8 ya ƙare da 4 ya zubar da rabin haskensa a tsakiyar ɗauka, sai mai kallo ya ga kamar hadari ne ya rufe rana alhali ana cikin ɗaki.

Siffa ta uku ita ce rashin abin da ma'aikatan fim ke kira numfashi. A madubi mai wannan aibi, duk lokacin da aka mai da saiti daga mutumin da ke kusa zuwa wanda ke nesa, sai gefunan hoto su motsa, kamar ɗakin ne ke kumbura yana sacewa. A fage irin na hira tsakanin uwa da ɗiya, inda saiti ke kai da komo tsakanin fuskoki biyu, wannan motsi yakan janye hankalin mai kallo daga magana zuwa na'ura. Tare da shi akwai karkatar tsakiya: idan aka ɗora tsakiyar hoto a kan abu aka zuƙo, wajibi ne abin ya zauna a tsakiyar, kada ya sulale gefe. Haka kuma wajibi ne da'irar hoton da madubi ke jefawa ta rufe farantin kyamarar baki ɗaya. Madubin Super 35 idan aka ɗaura shi a kan faranti mai milimita 36, kusurwoyin hoto sukan yi baƙi.

Siffa ta huɗu ta shafi jikin madubin, kuma a nan ne yanayin ƙasar Hausa ke da ta cewa. Madubin da bututunsa ke miƙewa yana komawa idan ana zuƙowa tamkar zugazugin maƙeri yake, yana shaƙar iska yana fesarwa. A lokacin hunturu, iskar da yake shaƙa cike take da ƙura mai laushi, wadda ke kwanciya a kan gilasan ciki inda tsumma ba ya kaiwa, ta kuma cakuɗe da man da ke sulɓanta kwararo. Madubin da dukkan motsinsa a ciki yake, tsawonsa ba ya sauyawa, ya fi tsira daga wannan, kuma ba ya ɓata daidaiton nauyin kyamara. Zafi ma abin lura ne. Mazaunin PL, wanda ARRI ya fito da shi a 1982, ya ajiye tazarar milimita 52 tsakanin gindin madubi da faranti, kuma ɗan kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya hana madubi riƙe saiti. Ƙarfe kuwa yana buɗewa idan ya sha rana, ga shi a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan haura digiri 40. Saboda haka madubin kirki shi ne wanda aka tanadar masa hanyar gyara wannan tazara. Zoben saitinsa kuma ya zama mai doguwar juyawa, kusan digiri 300, da alamun nisa a rubuce, da haƙoran giya masu ma'aunin 0.8 da sana'ar ta amince da shi, domin mai jan saiti ya iya sauka a kan alamarsa sau goma ba tare da kuskure ba.

To, me zai hana a haɗa duk waɗannan da doguwar zuƙowa? Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Tsawon zango da yawan haske da sauƙin nauyi ba su taruwa a madubi guda. Angénieux Optimo mai zangon milimita 24 zuwa 290 yana zuƙowa ninki 12 a kan T2.8 ba tare da sauyi ba, amma nauyinsa kilo 11 ne, sai an yi masa matokari na musamman, kuma saboda tsadarsa hayarsa aka fi yi. Canon mai zangon 50 zuwa 1000 ya kai ninki 20, amma yana farawa da T5.0 ya ƙare da T8.9, watau kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken ne ke saura a ƙarshe. Wannan ba damuwa ba ne ga mai ɗaukar namun daji da rana tsaka, wanda dominsa aka ƙera shi. Fujinon MK mai zangon 18 zuwa 55, wanda ya fito a 2017, ninki 3 kacal yake zuƙowa, amma yana riƙe T2.9, nauyinsa kuma bai cika kilo ɗaya ba. Ga mai shirya wasan kwaikwayo a cikin ɗakuna da soraye, inda fili ƙunci ne, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, irin wannan na ƙarshe ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Wasu za su ce kwamfutar da ke cikin kyamara ta ɗauke wannan nauyi, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Saiti mai sarrafa kansa ya inganta ƙwarai, kuma tun 2021 kamfanin Sony ya fara sa wa wasu kyamarorinsa dabarar ɓoye numfashin madubi. Ga wanda ke aiki shi kaɗai a wurin biki ko wajen ɗauko labari, wannan taimako ne babba. Sai dai dabarar tana aiki ne ta hanyar datse gefunan hoto, kuma sai da madubban da kyamarar ta sani. Saiti mai sarrafa kansa kuma bai karanta labarin fim ba, bai san cewa darakta yana son a bar mai magana a dushe a nuna fuskar mai saurare ba. Haske kuwa idan ya salwanta a cikin gilashi, abin da kyamara za ta iya shi ne ta ƙara ƙarfin siginar, tare da ƙurar da ke biyo ta.

Akwai kuma batun tattali. Kyamarar dijital takan tsufa cikin 'yan shekaru idan sabuwa ta fito, amma madubi mai kyau yakan yi aiki shekaru da dama, har yau ana neman madubban Cooke da Angénieux na shekarun 1970 ana ɗaura su a kan sababbin kyamarori. Wanda ya zuba dukiyarsa a kan kyamara ya bar wa madubi ragowar canji ya juya lissafi. Kafin a biya kuɗin saye ko na haya, gwajin minti 15 ya isa: a manna shafin jarida a bango, a zuƙo a daidaita saiti a ja baya, a duba ko rubutu ya ci gaba da karantuwa, ko haske ya ragu, ko tsakiya ta goce, sannan a juya saiti ana kallon gefuna. Ya kamata sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo na jami'o'i su sa wannan gwaji cikin darussansu, sassan kimiyyar lissafi da injiniya kuma su horar da masu gyaran madubi, domin kada kowane ɗan gocewar saiti ya zama dalilin aika madubi ƙasar waje ko jefa shi cikin akwati.