Hatsari a Damargu: Wane asibiti ya kamata a nufa da mai mummunan rauni?

Duk lokacin da aka yi mummunan hatsari a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Bakin Birji da Tanut, muhawara iri ɗaya ce ke tasowa a majalisu da kuma layukan wayar gidajen rediyo. Wasu na cewa laifin gwamnati ne da ba ta gina wa kowace gunduma babban asibiti mai ɗakin tiyata ba. Wasu kuma na cewa tsayawa a ƙaramin asibiti ɓata lokaci ne, gara a zarce da mutum Damagaram kai tsaye. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, to amma tun da magana ce ta rai, ya kamata mu duba abin da binciken likitoci ya gano kafin mu yanke hukunci.

Tun a shekarar 1979 wasu masana a Amurka suka lura cewa asibitocin da suka fi yawan yin wasu manyan ayyukan tiyata sun fi ƙarancin rasa majinyata. A 2001 aka gwada wannan magana a kan masu rauni, inda aka duba manyan asibitoci 31 na ƙasar. Sakamakon ya nuna cewa asibitin da ke karɓar masu mummunan rauni sama da 650 a shekara ya fi ceto rai. To amma akwai wani abin lura da bai kamata ya wuce mai karatu ba: bambancin ya fito fili ne a kan waɗanda suka fi jin jiki, wato wanda aka soka ko aka harba a ciki har jininsa ya yi ƙasa, da wanda ya bugu har ya fita hayyacinsa. Ga wanda rauninsa bai kai haka ba, ba a ga wani bambanci ba. A Jamus ma, wani bincike na 2015 da ya shafi majinyata kimanin dubu 39 ya nuna ana fara ganin amfanin ne daga masu mummunan rauni 40 a shekara. Ingila kuwa ta sake tsarinta a 2012, ta umarci motocin asibiti su riƙa wuce ƙananan asibitoci da irin waɗannan majinyata zuwa wasu zaɓaɓɓun cibiyoyi, kuma cikin shekaru biyar damar tsirarsu ta ƙaru da kimanin kashi 19 cikin ɗari.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Mutumin da jini ke zuba a cikinsa ba likita ɗaya ke cetonsa ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai an sami mai tiyata, da mai ba da allurar barci, da mai gwajin jini, da jinin kansa a ajiye, da iskar numfashi, da wutar lantarki, da ma'aikacin jinyar da zai kwana a kansa ya gane alamar da ta sauya da tsakar dare. Ma'aikatan da ke yin wannan aiki kullum kowa ya san wurin tsayuwarsa ba sai an gaya masa ba. Waɗanda kuwa sai bayan wata uku ko huɗu suke ganin irinsa, komai iliminsu, hannu yakan yi sanyi, kayan aiki su lalace a ajiye, jinin da aka tanada ya wuce wa'adinsa.

Idan muka dawo gida, ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tanut tana da mutane sama da dubu 400, ita kuma Belbeji, wadda aka cire daga Tanut aka mayar gunduma a 2011, tana da kusan dubu 100. Da wuya jama'a dubu ɗari su samar da masu mummunan raunin da za su sa tawagar ƙwararru ta riƙa aiki kullum. Ko da an gina katafaren gini an rubuta masa suna, riƙe ƙwararren likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa a wurin wani aiki ne daban. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Inda ake tara irin wannan ƙwarewa a jiharmu shi ne babban asibitin ƙasa na Damagaram, wanda ke karɓar majinyata daga ko'ina cikin jihar, ga kuma jami'ar André Salifou mai sashen koyon aikin likita a garin. Ke nan ta wannan fuska masu cewa a nufi Damagaram suna da gaskiya.

Sai dai fa ƙwarewar babban asibiti tana amfanar wanda ya isa da ransa ne kawai. Tsakanin Tanut da Damagaram akwai kimanin kilomita 150, kuma wannan lissafin wanda ke bakin kwalta ne. Manomin da amalanke ta kife da shi a wani ƙauyen Tarka, ko makiyayin da aka sara a rikicin gona a arewacin Gangara, ko wanda rijiya ta rufta da shi a Tenhiya, sai ya sha yashi na sa'o'i kafin ya ga kwalta. A 2015 wani kwamitin masana na duniya ya ce kamata ya yi mutum ya iya isa wurin da ake tiyatar gaggawa cikin sa'o'i biyu. Kowa ya san ƙauyuka nawa ne a Damargu suka cika wannan sharaɗi. Wani bincike da aka wallafa a 1998 ya kwatanta Kumasi ta ƙasar Gana da birnin Siyatil na Amurka, ya gano cewa a Kumasi kashi 51 cikin ɗari na masu mummunan rauni sun mutu tun kafin su isa asibiti, alhali a Siyatil kashi 21 ne. Wato mafi yawan asarar a kan hanya ake yin ta. Abin da ya yi wa Ingila aiki ya yi ne domin babbar cibiya ba ta da nisa, ga motoci da jiragen ɗaukar majinyata. Duk wanda ya kwaikwayi wucewar ba tare da motar ba, gawa zai kai.

Saboda haka, a ganinmu, tambayar da ta dace ita ce wane aiki ne ya rataya a kan kowane mataki. Matakin farko shi ne wurin da abin ya faru. A Kambodiya da arewacin Iraƙi, tsakanin 1997 da 2001, an koya wa ƙauyawa da ƙananan ma'aikatan lafiya yadda ake danne jini, da buɗe hanyar numfashi, da lulluɓe mai rauni kada jikinsa ya yi sanyi. Mutuwar waɗanda nakiya da harsashi suka raunata ta sauko daga kashi 40 zuwa kimanin kashi 15 cikin ɗari. A Gana ma an koya wa direbobin haya irin wannan. Me zai hana a yi wa direbobin tashar Tanut, da 'yan kabu-kabu, da jandarmomi, da direbobin tankokin da ke ɗaukar mai daga matatar Soraz, wadda ta fara aiki a 2011 a ƙaramar hukumar Olelewa?

Mataki na biyu shi ne asibitin gunduma. Aikinsa ya tsayar da jini, ya sa ƙarin ruwa da na jini, ya ɗaure karaya, ya yi tiyatar da ba za ta iya jira ba, sannan ya sallami mutum zuwa gaba ba tare da jinkiri ba. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 2005 ma'aikatar kiwon lafiya da sashen likitanci na jami'ar Yamai suka fara horar da likitoci na tsawon shekara ɗaya domin yin tiyata a asibitocin gunduma, kuma a jihar Doso an ga yawan waɗanda ake turawa babban asibiti ya ragu daga sama da kashi 80 zuwa kimanin rabi, ba tare da mutuwa ta ƙaru ba. Akwai kuma allurar tsayar da jini mai suna tiranekzamik, mai araha, wadda wani gwaji na 2010 a ƙasashe 40 ya tabbatar tana rage mutuwa, muddin an yi ta cikin sa'o'i uku. Wannan ba allurar da za a jira sai Damagaram ba ce.

Mataki na uku shi ne ita kanta Damagaram. A nan ma kada mu yaudari kanmu, yawan majinyata daban, cunkoso daban. Yawan da ke ceto rai shi ne wanda ya zo da isassun ma'aikata, da gadaje, da jini. Jihar Damagaram ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, mutum sama da miliyan uku da rabi. Idan kowace ƙaramar karaya da kowane yanka sai an kai babban asibiti, to mai zubar jini a ciki zai tsaya layi a bayansu. Asibitin gunduma mai ƙarfi shi ke rage wa babban asibiti kaya.

Abin da ke haɗa matakan uku shi ne mota, da mai, da waya. Sau da yawa akan bar dangi suna karo-karon kuɗin mai alhali jini na zuba. A jihar Doso an taɓa gwada ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita ana tarawa domin jigilar majinyata na gaggawa. Magadan gari da sarakunan Damargu za su iya zama su tsara irin wannan asusu, a sa masa ido, a kuma riƙa kiran Damagaram tun kafin mota ta tashi domin a shirya ɗakin tiyata.

Muna kira ga hukumomin lafiya na jiha da su buɗe rajistar masu rauni: daga ina mutum ya fito, sa'o'i nawa ya yi a hanya, a ina aka fara taɓa shi, ya rayu ko ya rasu. Da wannan ne za a san ko a Tanut ya kamata a ƙara ƙarfi ko a kan hanya. Ga jama'a kuma, wanda ya suma, ko cikinsa ya kumbura bayan buguwa, ko ƙashi ya fito waje, ba na mai ɗori ba ne, a hanzarta da shi asibiti mafi kusa, kuma in an ce a wuce Damagaram kada a tsaya shawara sai gobe. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da yin sababi. Allah Ya kiyaye hanya.