Wasiƙar Akawu Daga Baturiya: Waya Da Mai Raunin Gani

Zuwa ga Edita,

Maganata ta wannan mako a kan dattawanmu ce na Baturiya, ƙasar Haɗejiya, masunta da manoman shinkafa, waɗanda yanar ido ta rage musu gani. In mutum ya sayar da bandar kifi, kuɗi suka shigo ta waya, sai ya miƙa wa yaro ya duba masa, har ya gaya masa lambarsa ta sirri. Jama'a, wannan ganganci ne.

To, ga sauƙi cikin wayar kanta, ba a biyan ko anini. Ana iya ƙara girman baƙaƙe har su fito ɓaro-ɓaro. Tun 2009 kuma aka sa wa iPhone VoiceOver, Android kuwa TalkBack, masu karanta rubutu da murya, sai dai sun fi jin Turanci. Ku samari masu ilmi, ku zauna ku koya wa iyayenku.

Amma fa waya ba ta cire yana. Sai a nufi asibitin ido, kamar na ECWA a Kano, wanda aka kafa a 1943.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Baturiya.